Damfarar Waya Lokacin Sallah: Yadda Ake Kafa Tarkon da Yadda Za a Kauce Masa a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Kafin shekarar 2023, yawancin cinikin da ake yi a kasuwannin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa hannu da hannu ne: a ƙirga kuɗi, a miƙa kaya. Sauya fasalin Naira da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sanar a watan Oktoban 2022, da ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023, su ne suka tilasta wa mai shayi, mahauci, mai hatsi da dillalin dabbobi buɗe asusu a waya. Takardun kuɗi sun dawo, amma transfa ta zauna. Yau da wuya a ratsa kasuwa ba a ga kwali a rataye ba, an rubuta lambar asusun OPay, Moniepoint ko PalmPay.

Sauƙin ya zo da nasa ƙalubalen. Mutane da dama sun fara ajiye kuɗi a waya kafin su koyi yadda ake tsare shi, 'yan damfara kuma sun san da haka. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, yawancin masu kwashe kuɗin jama'a ba kutse suke yi wa banki ba. Mai asusun suke lallaɓawa har ya buɗe musu ƙofa da hannunsa: ya karanto wata lamba, ko ya biya kafin ya gani, ko ya saki kaya kafin ya duba. Wanda ya gane haka ya gane kusan duk dabarun da za a lissafo a ƙasa.

Me ya sa sai lokacin Sallah?

Daga goman ƙarshe na azumi zuwa ƙaramar Sallah, sannan daga shigowar watan Zulhajji zuwa ranar layya, kuɗi na yawo fiye da kowane lokaci. 'Yan ci-rani da ke Legas, Abuja da Fatakwal suna turo na cefane da ɗinki. Masu hali suna fitar da zakka. Mai kiwon da ya yi wata shida yana ɗawainiya da rago yana so ya sayar kafin ranar idi, domin bayan Sallah farashi faɗuwa yake yi.

A irin wannan lokaci kowa sauri yake yi, layukan banki suna cunkushewa, saƙon shigar kuɗi yana jinkiri da gaske. Ga bankuna a rufe na kwana biyu ko fiye saboda hutu. Ɗan damfara ya fi son ya yi aikinsa a jajibiri, don ya san kafin a buɗe banki ya riga ya rarraba kuɗin.

Alat na bogi a kasuwar dabbobi

Wannan ya fi cin masu raguna da shanu, a Babura da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, ko waɗanda ke kai dabbobinsu kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da ta Mai'aduwa. Mai saye ya zo da shiga ta mutunci, bai ja ciniki da yawa ba, ya ce, "Alhaji, ba ni lambar asusu." Can sai wayar mai rago ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki. Aka ɗora rago a mota. Sai da yamma, da aka je wurin mai POS cire kuɗi, a tarar babu ko sisi.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. Sunan da ke fitowa a saman saƙon tes rubutu ne kawai, kuma masu tura saƙonni da yawa a lokaci ɗaya suna iya saka suna mai kama da na banki, su sauya harafi ɗaya. Wani ma karɓar wayar dattijo yake yi da sunan zai kwafi lambar asusu, ya adana lambarsa da sunan bankin, daga baya ya turo saƙon da ya rubuta da kansa. Akwai kuma manhajojin da ba su da wani aiki sai ƙera rasidin transfa, da tambarin banki da kwanan wata da komai.

Don haka alat ba kuɗi ba ne, hoton rasidi ma ba kuɗi ba ne. Shaida ɗaya ce tak: mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa a wayarsa, ko ya danna lambar bankin ta USSD, ya ga ragowar kuɗinsa ta ƙaru. Idan mai saye ya ce matsalar sabis ce, amsar mai sauƙi ce: "Ba komai, Malam, zauna ga tabarma, in ya shigo ka tafi da shi." Mai gaskiya zai jira, ko ya je wurin mai POS ya ciro.

Akwai ƙanwar wannan dabara. Wani ya kira yana marairaicewa, wai ya yi kuskuren turo kuɗi, a taimaka a mayar masa ta wani asusu daban. Ko dai babu abin da ya shigo, ko kuma kuɗin sata ne ake so a bi da su ta asusun mutum, ya zama sunansa ne a takardar bincike. Kada a mayar da hannu. A sanar da banki, shi zai mayar ta inda kuɗin suka fito.

Lamba shida da ke tafiya da WhatsApp

WhatsApp a ɗaure yake da lambar waya. Duk lokacin da aka so buɗe shi a sabuwar waya, kamfanin yana turo lamba mai alƙaluma 6 zuwa layin. Ɗan damfara sai ya saka lambar wani a wayarsa, ya kira shi nan take: "Salamu alaikum, Malam, daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taron Sallah ta intanet, an turo maka lambar shiga, karanto min." Sunan ƙungiyar kuwa daga rukunin da ya riga ya kutsa ya samo shi. Ana karanta masa lambar, WhatsApp ya bar wayar mai shi.

Daga nan sai saƙonni su fara isa ga 'yan uwa: "Yaya, don Allah ranta min dubu hamsin, manhajata ta ƙi aiki, da safe zan mayar." Hoton ɗan uwa ne, lambarsa ce, kunya kuma ba ta barin a yi tambaya. Sai dai asusun da aka bayar sunan wani ne daban.

Rigakafin minti biyu ne. A shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, a saka lambar sirri mai alƙaluma 6 da adireshin imel. A riƙa leƙa Linked devices, a cire duk na'urar da ba a sani ba. Idan an riga an ƙwace, a sake shiga WhatsApp da lambar. Sabuwar lambar da za a turo za ta fitar da ɓarawon. In ya riga ya saka tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7. Kafin nan a sanar da jama'a ta kira da baki. Wanda kuma aka roƙa kuɗi a rubuce, ya kira mai roƙon kira na sosai, ya ji muryarsa, ya tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani.

"Daga banki nake kira"

Mai kiran yakan yi magana a natse, wani lokaci da Hausa tsantsa. Ya faɗi cikakken sunan mutum, ranar haihuwarsa, har da BVN ɗinsa. Sai ya ce za a rufe asusu kafin Sallah idan ba a sabunta bayanai ba. Sanin waɗannan bayanai ba shaida ba ce cewa ma'aikacin banki ne. Tun da aka fara BVN a watan Fabrairun 2014, mutane sun rubuta wannan lamba mai alƙaluma 11 a fom iri-iri, na tallafi, na rance, na neman aiki, kuma irin waɗannan takardu suna yawo.

Abin da mai kiran ba shi da shi, shi yake nema: lambobin gaban katin ATM, ranar ƙarewarsa, alƙaluma 3 na bayansa, lambar sirri, da lambar amfani sau ɗaya da ake kira OTP. Da waɗannan zai yi sayayya a intanet ko ya buɗe manhajar bankin a wayarsa. Saƙon OTP kansa yakan zo da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci, shi ya sa dattawa da matan da ba su yi boko ba suka fi shiga hannu.

Babu bankin da ke tambayar lambar sirri ko OTP, ko ta waya ko a kan kanta. A kashe kiran. In hankali bai kwanta ba, a kira lambar da ke bayan kati, ko a je reshen banki da ƙafa.

Kyautar data da tallafin azumi

Kowace shekara sai an ga saƙon yana zagaya rukunai: kamfanin waya na raba data kyauta albarkacin Sallah, ko gwamnati ta buɗe shafin tallafin azumi, ko wani attajiri na raba zakka. A latsa nan, a cike suna da lambar asusu da BVN, a tura wa rukuni biyar. Wannan sharaɗi na turawa shi kansa alama ce, don babu hukumar da ke raba kuɗi ta haka.

Karanta adireshin shafi abu ne da kowa zai iya koya. A nemo layin karkace na farko da ke bayan https://, wato alamar /, a duba abin da ke gabansa daf da shi, nan ne ainihin sunan mai shafin. Shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa: na hukumar katin ɗan ƙasa nimc.gov.ng ne, na CBN kuma cbn.gov.ng. Idan aka ga sunan gwamnati a farko amma ƙarshen blogspot.com ne, to shafin kyauta ne da yaro zai iya buɗewa cikin minti biyar. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba ta nufin masu shafin mutanen kirki ne. Abin da take nufi kawai shi ne wani a hanya ba zai karanta abin da ake turawa ba.

Mafi haɗari shi ne shafin da ke cewa a sauke manhaja, fayil mai ƙarewa da .apk. Idan aka girka ta, ta nemi izinin karanta saƙonni, aka ba ta, to duk OTP da ya shigo za ta iya tura wa mai ita ba tare da an kira kowa ba. Manhajar banki daga Play Store kaɗai ake sauke ta.

Kayan Sallah a Facebook da TikTok

Shadda, leshi, atamfa, abaya da takalma, ga hotuna masu kyau, ga farashi ƙasa da na Kantin Kwari. Akwai 'yan kasuwar gaskiya da yawa a waɗannan shafuka, amma kwafar hotunan wani da buɗe sabon shafi da su ba ya cin ko Naira ɗaya. A tura kuɗi, a ce kaya na hanya za a karɓa a tashar Kazaure, sai kuma a nemi kuɗin direba, daga nan a toshe lambar mai saye.

Kafin a biya, a nemi kiran bidiyo a ga kayan a hannun mai su. A duba sunan da manhajar banki ta nuno kafin a kammala transfa, in ya saɓa da sunan shagon a tambayi dalili. Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafin kasuwanci da sunayen da ya taɓa amfani da su. Kano ba ta da nisa da wannan yanki, kuma kusan kowane gida yana da wani a can. Ɗan uwa ya taka ya ga shagon, gani ya kori ji.

Kujerar Hajji mai araha

Aikin Hajji daga Jigawa ta hanya biyu ake zuwa: Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha, ko kamfanin jirgin yawo da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi. Duk wanda ya ce yana da kujera a rabin kuɗi, a tura ta asusunsa na kansa, ko dai ya gudu da kuɗin ko ya kawo bizar ziyara, wadda Saudiyya ba ta yarda a yi Hajji da ita ba. Asarar ba ta tsaya kan kuɗi ba. A Hajjin 2024, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu a cikin tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ko motar hukuma da za su fake.

Zuba dubu ɗari, kwashi dubu ɗari biyu

MMM, wanda ɗan Rasha Sergei Mavrodi ya kafa, ya yi wa 'yan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun jama'a a watan Disamban 2016, ana dab da Kirsimeti. CBEX ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rushe a watan Afrilun 2025, makonni kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Suna ne ke sauyawa, tsarin ɗaya ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, su kuma su zama shaida a gari ba da saninsu ba.

Lissafi kaɗai ya isa. Naira 100,000 da ke ninkuwa duk wata za ta zama Naira miliyan 409 da dubu 600 cikin wata 12. Babu noma, babu fatauci, babu kirifto da ke yin haka. Hukumar SEC tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a sec.gov.ng, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan harka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma a nan sau da yawa amana ce ke jawo mutum, domin wanda ya gayyace shi aminin sa ne ko malaminsa.

Tarkon da ake kafa wa ɗalibai

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, sun fi iyayensu sanin waya, don haka tarkonsu daban ne. Akwai guraben aikin bogi da ake sayar da fom ɗinsu, alhali neman aikin gwamnati da neman rancen karatu na NELFUND kyauta ne. Akwai aikin latsa bidiyo a Telegram, a biya mutum 'yan kuɗi kaɗan da farko, sannan a ce ya zuba nasa don ya hau mataki na gaba.

Wanda ya fi muni shi ne sayar da NIN da BVN, ko ba da hayar asusu. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan masu bin mutane suna sayen waɗannan bayanai a kan Naira 1,500 zuwa 2,000. Da su ake buɗe asusun da ake zuba kuɗin sata. Ranar da bincike ya tashi, ba ɓarawon za a fara nema ba, mai sunan za a zo wa har gida.

Wayar da ta ɓace a filin idi

Cunkoson filin idi da na hawan Sallah a ƙofar fadar Kazaure wuri ne da waya kan yi ɓatan dabo. Ɓarawon yanzu layin ya fi so a kan wayar. Zai cire shi ya saka a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN, ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda asusun yake. Makullin allon waya ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne makullin layin kansa, wanda ake kunnawa a sashen tsaro na waya, a wurin SIM lock. A sauya lambar da layin ya zo da ita, kuma a adana katin da aka ɓallo layin daga jikinsa, don lambar PUK da ke kai ita ce mafita idan aka yi kuskure sau 3. Kada a ajiye lambar sirrin banki a cikin saƙonni, kuma kada ta zama shekarar haihuwa.

Idan an riga an faɗa

Awa ta farko ta fi kowace muhimmanci, domin kuɗin sata cikin mintuna ake rarraba su.

1. A rufe asusu nan take. Bankuna suna da lambar rufewa da ake iya dannawa daga wayar kowa, misali *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. Kowa ya nemi ta bankinsa tun yau, ya rubuta a takarda a gida.
2. Idan layi aka sace, a sanar da kamfanin waya ya toshe shi. Lambar ƙorafi ta hukumar sadarwa, NCC, ita ce 622, kuma kyauta ce.
3. A kai ƙorafi banki a rubuce, da lambar asusun da kuɗin suka tafi, da lokaci, da lambar shaidar transfa, a karɓi lambar ƙorafi. Idan banki bai yi komai ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.
4. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ofishin EFCC na Kano. Kada a goge saƙonni ko lambobin da aka yi kira da su.
5. A yi hattara da masu cewa za su dawo da kuɗin idan aka biya su wani abu. Damfara ta biyu ce, kuma waɗanda aka riga aka cuta take nema.

Ba kullum kuɗin ke dawowa ba, amma shiru ne ke ba ɗan damfara damar cin mutum goma da dabara ɗaya a unguwa ɗaya. Wanda aka cuta ba wawa ba ne, ya haɗu da wanda sana'arsa ke nan.

Aikin da ke kan matasan gida

A yawancin gidajen Roni, Gwiwa da ƙauyukan Babura, akwai yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da ake miƙa wa waya idan saƙo ya shigo. Kafin Sallar nan, wannan matashi ya ware rabin awa: ya kunna wa Baba da Inna makullin layi da na WhatsApp, ya nuna musu yadda ake duba ragowar kuɗi, ya rubuta lambar rufe asusu a ajiye. Sannan gida ya yi yarjejeniya guda: duk wanda ya kira yana neman lamba ko kuɗi, komai gaggawarsa, za a ce masa, "To, bari yaron nan ya dawo, za mu neme ka." Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya dage sai yanzu-yanzu, ya riga ya faɗi ko shi wane ne.